"ZA SU SABA": ƘARYAR DA KE CINYE KIFAYE A FALUKANMU

An ba ni filin wannan makon, aka ce in yi magana a kan rubutu. To, ni a kan kifi zan yi. Wanda ya ga kamar na saki hanya ya ɗan yi haƙuri, domin laifin da na kawo ƙara a kansa, da hannun marubuta a ciki dumu-dumu, har da nawa.

Ku faɗa mini tsakani da Allah, a cikin littattafan da muke karantawa a waya 'yan shekarun nan, sau nawa aka shiga falon Alhaji ba a ci karo da ƙaton gilashi a jikin bango ba, cike da kifaye kala-kala, wai suna ta shawagi cikin nishaɗi? Ni kaina na taɓa rubuta haka a wani gajeren labari, alhali a lokacin ban taɓa ciyar da kifi ko ɗaya ba, sai dai in ci shi da yaji. Mun mayar da gilashin kifi alamar arziki, kamar sanyin esi da ƙamshin turaren wuta. Masu karatu kuwa sun yarda da mu. Yanzu har a kayan jere ana neman sa shi.

Uwargidana tana cikin waɗanda suka yarda. Ta matsa, na je wurin wani mai sayar da kifin ado, ba zan faɗi sunansa ko unguwarsa ba. Ya ba ni akwatin gilashi mai tsawon santimita 60, sannan ya ɗauki 'yar komarsa ya fara kwaso mini: golfish biyu, ƙananan gofi shida masu wutsiya kamar mafici, enjal biyu, wani rawaya ɗaya da wani shuɗi mai zane ɗaya, ɗan ƙaramin oska, da wasu jajaye biyu masu ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa musu ƙyalli. Ya ƙara mini da ɗan tarwaɗa a matsayin gyara, wai shi zai riƙa share dattin ƙasa. Na ce, "Malam, waɗannan ba za su yi faɗa ba kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, kifi da kifi ai 'yan uwa ne. Kwana biyu za su saba."

Kwana uku aka yi, gofi shida suka zama biyu, kuma babu gawa. Kafin mako ya zagayo fikafikan enjal sun koma kamar tsumman da ɓera ya ci. Golfish ɗaya ya wayi gari da ido guda. Ƙaramar 'yata ce ta ɗauki aikin ƙirga su kowace safiya kafin ta tafi makaranta, kullum lissafin raguwa yake yi, kullum sai an lallashe ta. Da na koma wurin mai kifin, abin da ya ce mini shi ne ruwan Tudun Wada ne bai karɓe su ba, in zo ya ba ni wasu, zai yi mini ragi. A nan na gane cewa mutuwar kifin ita ce kasuwar.

Da na zauna na yi bincike, abin da ya fi ba ni kunya shi ne gano ko su wane ne masu kisan. Rawayan nan da shuɗin, da oska, da jajayen, har da enjal ɗin da aka zalunta, duk dangi ɗaya ne. Turawa suna kiran dangin sikilid. Mu kuwa mun san babban wansu tun muna yara: karfasa. Wannan karfasar da ake soyawa a bakin titi da yamma, wadda yara ke kamawa da ƙugiya a Kubanni, masu su ke fitowa da ita daga Galma, ita ce 'yar uwar kifin da na biya kuɗi mai yawa na saya da sunan baƙo. Dangi ne mai yawan gaske, nau'in da masana suka riga suka raɗa wa suna ya haura 1,600, kuma Afirka ce cibiyarsu. Tafkin Malawi kaɗai yana da ɗaruruwan nau'i da babu su ko'ina a duniya, haka Tanganyika, haka Biktoriya. Wani reshen dangin yana Kudancin Amurka, can ne oska da enjal suka fito, daga yankin kogin Amazon. Jajayen nan masu ɗigo, waɗanda 'yan kasuwa ke kira juwel, 'yan Afirka ta Yamma ne, ana samun danginsu a ruwayen Arewa. Akwai kuma wani ɗan ƙarami mai jan ciki da ake kira kiribensis, wanda da wuya ka shiga shagon kifin ado a Ingila ko Jamus ba ka same shi ba. Asalinsa daga kudancin Nijeriya ne da gaɓar Kamaru.

Kada wani ya ce mini ilmin nan na Turawa ne, ba mu da shi. A 1967 Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta fitar da littafi guda a kan kifayen Arewa da sana'ar su, wanda Reed da abokan aikinsa suka rubuta, kuma a nan Zariya aka buga shi, a maɗaba'ar Gaskiya, wadda ɗan Tudun Wada zai iya takawa da ƙafa ya je. Ƙamusun Bargery na 1934 yana ɗauke da sunayen kifaye da yawa da yau marubucinmu bai taɓa ji ba. A New Bussa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa. Ban da wannan duka, ga masu su da ransu, waɗanda za su bambance maka karfasa da kurungu da ragon ruwa da tsage da minjirya da gaiwa da yauni tun kafin ka gama gaisuwa. Mu kuma da muke kiran kanmu ma'abota harshe, kalma ɗaya muke da ita: kifi. In mun so ƙawatawa mu ce kifaye kala-kala.

Mu dawo kan "za su saba". Sabo yana faruwa ne tsakanin waɗanda faɗansu na rashin sani ne. Faɗan dangin karfasa na gida ne da 'ya'ya. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa marar zurfi ya lura zai ga wasu ramuka zagayayyu a cikin yashi kamar an danna kwano. Namijin karfasa ne ya haƙa da bakinsa, yana ɗibar yashi yana tofarwa gefe, kuma duk abin da ya kusanci ramin sai ya kore shi. Mace ta zo ta zuba ƙwai, ta kwashe su a bakinta, ta riƙe su a ciki har su ƙyanƙyashe, kusan ba ta cin komai duk tsawon lokacin. Ko bayan ta sake su, in suka ga haɗari bakinta suke komawa. Wasu nau'in, irin su juwel, a kan dutse suke manna ƙwan, uwa da uba su tsaya gadi tare. Kifin da ke yi wa 'ya'yansa irin wannan hidima, yaya za a yi ya yarda da baƙo a ƙofar ɗakinsa? A kogi abin da sauƙi. Ya kori baƙo, baƙo ya matsa taku biyu ko uku, magana ta ƙare. A cikin gilashi babu wurin matsawa. Wanda aka kora ya je ya bugi bango ya dawo, mai gida kuma ya ɗauka raini ne, ya sake bin sa. Haka za a yi ta yi dare da rana. Kifin da ka gani ya maƙale a saman kusurwa, launinsa ya dushe, ya daina fitowa cin abinci, wannan bai saba ba, jiran ajali yake yi. Kuma abin ƙaruwa yake yi da lokaci, domin a shago 'yan yara ake sayar maka, ba su balaga ba, shi ya sa kake ganin su lafiya lau a gilashin mai sayarwa. Ranar da suka balaga a falonka ranar za ka san halinsu.

Ku yi lissafin da kanku. A ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da dubu, a samu lita. Nawa 60 ne da 30 da 30, wato lita 54, jarka biyu da 'yan kai. A cikin jarka biyu aka cusa mini rai goma sha shida. Oska shi kaɗai, in ya samu abinci, yakan kai santimita 30, rabin tsawon gilashin ke nan, ko juyawa sai da dabara. Masu kiwon da suka san abin da suke yi ba sa fara maganar haɗa sikilid ɗin Malawi sai gilashi ya kai tsawon santimita 120, ruwansa ya haura lita 200. Tsawon ma ya fi zurfi muhimmanci, tunda ƙasa suke rabawa, kamar gonar gado. Dogon gilashin nan mai kama da tulu da ake sayarwa don ya yi kyau a kusurwar falo, shi ya fi kowanne muni.

Su wa ba a haɗawa da su? Abu na farko da kowane mai su ya sani ba tare da ya karanta komai ba: abin da ya shiga bakin kifi abinci ne. Gofi ɗina ba ɓata suka yi ba, oska da tarwaɗa ne suka yi kalaci da su. Tarwaɗar ma da aka ce mini mai shara ce, tambayi duk mai kiwon kifi a kududdufin siminti. Da gangan wasu ke zuba tarwaɗa a cikin karfasa don ta rage musu yawan 'ya'ya, saboda karfasa akwai haihuwa. Ita da ko 'yan uwanta ba ta bari, shi ya sa masu ƙyanƙyasa ke yawan tace su, suna ware waɗanda suka yi saurin girma kafin su cinye sauran. Da dare take farauta, lokacin da kai da kifayenka kuke barci. Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. To, can ma maƙwabci ne, akwai katanga a tsakani. Ni a turke ɗaya na ɗaure su.

Golfish kuwa zalunci biyu ake yi masa. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, ruwa mai ɗan sanyi yake so, wajen digiri 18 zuwa 22, yayin da dangin karfasa suka fi walwala tsakanin 24 da 28. Ga shi da nauyin jiki, ga doguwar wutsiya tana jan ƙasa, ga wasu da idanu a waje. Ba ya iya gudu, ba ya iya ramawa, ga yawan kashi da ke ɓata wa kowa ruwa. Enjal shi ɗan dangi ne, amma dangi ba ya hana komai a nan. Jikinsa faffaɗa, tafiyarsa a hankali, fikafikansa dogaye, duk mai neman abin cizo ya samu. Shi ma kansa in ya girma ba ya ƙyale ƙananan kifaye, kada tausayinsa ya ruɗe ku.

Sai maganar ruwa, wadda mai sayarwa ba zai taɓa ɗaga maka ita ba. Ruwan tafkin Malawi da na Tanganyika mai gishirin dutse ne, ya karkata wajen kanwa, a ma'aunin pH yana kai 8, na Tanganyika har ya kusa 9. Yawancin ruwan Amazon kuwa mai laushi ne, ya karkata wajen tsami. In ka haɗa ɗan Malawi da ɗan Amazon, duk yadda ka daidaita ruwan ɗaya daga cikinsu a takure yake. Abinci ma haka. Masu launin nan na Malawi da ake kira mbuna, mazauna cikin duwatsu ne, yawancinsu gansakuka suke kankara a jikin dutse, hanjinsu dogo ne irin na mai cin ganye. Oska mai cin nama ne. Ka zuba abincin oska, mbuna su yi rububi su cinye, cikinsu ya kumbura su mutu. Ka zuba na mbuna, oska ya waiwayi maƙwabtansa. Abincin wani gubar wani, a nan ba karin magana ba ce, abin da ke faruwa ke nan.

To su wa ake haɗawa? Wanda ya fi dacewa yana nan a kasuwarmu ana sayar da shi a tire: kurungu. Dangin kurungu sun daɗe suna zama da dangin karfasa a koguna da tafkunan Afirka. Yana da ƙayoyi uku masu ƙarfi, ɗaya a baya biyu a gefe, in ya miƙe su sai su kulle, babu mai haɗiye shi cikin daɗi. Ƙasa yake bi, da dare ya fi fitowa, ba ya neman ramin kowa in ka ba shi nasa kogon. Sai dai a zaɓi nau'in da ba ya girma sosai, kuma a sani in ya samu ƙwai ba gadi zai sha. Bayan kurungu, abokin zaman mbuna shi ne mbuna, amma da sharaɗi. Namiji ɗaya ga mata uku ko huɗu, don kada ya takura wa guda har ta mutu. Kada a haɗa maza biyu masu launi iri ɗaya ko zane iri ɗaya, domin wanda ya yi kama da shi ne yake ɗauka kishiya, ko da ba nau'insu ɗaya ba. A tara duwatsu har su yi bango-bango, yadda wanda aka kora zai sha kwana ya ɓace wa mai binsa. A zuba su lokaci guda suna ƙanana, girmansu kusan ɗaya. In dole sai an ƙara baƙo daga baya, a rushe duwatsun a sake jera su, kowa ya koma neman gida daga farko. Kiribensis shi ne mai sauƙin kai a dangin. Miji da mata ɗaya, da ɗan kasko da aka kifa aka fasa masa ƙofa, da garken ƙananan kifaye masu sauri da ke yawo a saman ruwa, za su zauna a gilashi matsakaici, ko da yake shi ma in ya yi 'ya'ya sai an ba shi hanya. Juwel kuwa in sun yi aure, a bar musu gidan su kaɗai. Oska a ba shi babban gilashi shi ɗaya, ko a bar shi a shago.

Bari in ɗan ratse, saboda wannan na marubuta ne. A tafkin Tanganyika akwai wani kurungu mai ɗigo-ɗigo da ke laɓewa har sai karfasar tafkin ta fara zuba ƙwai. Sai ya faɗo da gudu, ya sha wasu, ya zuba nasa a wurin. Uwar cikin gaggawa ta kwashe duka a bakinta. Ƙwan kurungun ya riga nata ƙyanƙyashewa, 'ya'yansa su cinye nata a cikin bakinta, ita kuma ta ci gaba da yunwa tana renon waɗanda suka kashe mata 'ya'ya, har ta sake su da hannunta, ko in ce da bakinta. Wani masani ɗan Japan, Tetsu Sato, shi ya bayyana wannan a 1986. Ku dubi labarin nan da kyau. Mu da kullum muke kukan jigo ya ƙare, sai kishiya da mugun boka muke ta juyawa, ga cin amana tsantsa a cikin ruwa, mun wuce shi mun rubuta "suna shawagi cikin nishaɗi".

Na san akwai wanda zai shigo ƙasan rubutun nan ya ce ya karanta a intanet cewa maganin faɗan mbuna shi ne a cika gilashin da su, yadda mugun ba zai samu mutum ɗaya ya sa wa ido ba. Gaskiya ne, ana yin haka, kuma yana aiki. Amma a ina? A gidan da wuta ba ta ƙiftawa. A nan ne nake da rigima da masu fassaro mana shawarwari daga waje su liƙa, ba tare da sun leƙa tagar ɗakinsu ba. Kifi yana fitar da amoniya, guba ce gare shi. Wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a cikin soson matacin ruwa su ke juya ta zuwa abin da ba ya kisa nan take, kuma kafin su yi yawan da za su iya aikin ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Shi ya sa zuba kifi goma sha shida a sabon gilashi rana ɗaya kisa ne ko da babu mai cizon wani. Su ƙwayoyin nan iska suke buƙata, ruwa ya riƙa ratsa su. A ɗauke wuta tun safe har dare, mataci ya tsaya, famfon iska ya tsaya, su fara mutuwa, amoniya ta taru, iskar ruwan ta ƙare. Gilashin da aka cika shi ne farkon wanda zai zama kabari. Wanda ba shi da sola ko famfon iska mai batir, ya rage kifi, magana ta ƙare. Shawarar da aka rubuta don Landan ba ta san an taɓa kwana uku babu wuta a layinmu ba.

Haka ba ta san yanayinmu ba. A watan Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 35, kuma ruwa in ya yi ɗumi iskar da yake riƙewa raguwa take yi, sai ka ga kifaye sun taru a sama suna haki. A Disamba da Janairu kuma, wa zai gaya wa Bazazzagi sanyin hunturu? Da asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15. Karfasa tana daina cin abinci in ruwa ya yi irin wannan sanyin, in ya ƙara sauka sosai ta mutu. Kogi yana da zurfin da zai riƙe ɗumi, jarka biyu a kusa da taga ba ta da shi. Kifin da sanyi ya raunana shi ne wanda cuta ke fara kamawa, shi ne kuma wanda maƙwabcinsa ke fara gamawa da shi. Ruwan famfo, ranar da ya zo, yana iya zuwa da sinadarin kulorin, sai an bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba. Na rijiya da na burtsatse kowanne da halinsa, a gwada shi kafin a zaɓi kifi, kada a sayo kifi sannan a fara neman ruwan da zai karɓe shi. Kuma a riƙa canza kamar kashi ɗaya cikin huɗu duk mako. Masu kwashe kifi su zuba a bokiti, su wanke gilashi da soso da omo har ya yi ƙyalli, sun kashe ƙwayoyin nan ke nan, sun koma ranar farko.

Wani kuma zai ce, Malam, duk wannan dogon turanci a kan kifi? Ana fama da tsadar masara kana maganar wasan masu kuɗi? Na ji. Amma ba masu kuɗi ne ke asara ba. Mai kuɗi yana da janareto, yana da yaron da ke kula masa, in sun mutu a sayo wasu kafin ya dawo daga ofis. Ƙaramin ma'aikaci ne da amaryar da ta tara kuɗin adashi suke zuwa su saya, su binne, su koma su saya. Sannan rai ne. Duk wanda ya yi makarantar Islamiyya ya san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Abin da ka tsare ya zama amana a wuyanka. Kaza in an takura mata za ta yi kuka maƙwabta su ji. Kifi ba ya kuka, shi ya sa muke zaune a kujera muna kallon ana kashe shi, muna cewa wasa suke yi.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Mutum ya gaji da oskansa da ya yi girma, ko da wani baƙon kifi da ya addabi sauran, sai ya ɗauke shi a bokiti ya nufi gadar Kubanni, a ransa ya yi aikin lada. Kada Allah Ya sa mu ga wannan ya zama al'ada. A shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a tafkin Biktoriya don a bunƙasa sana'ar su. Giwan ruwan nan namu ne, wanda ake alfahari da kamawa a Argungu, a ruwanmu yana zaune da sauran kifaye tun fil azal. Amma can baƙo ne. Zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, kuma masana sun ƙiyasta cewa cikin nau'in sikilid wajen 500 da ke can, kimanin 200 sun ɓace, shi da gurɓacewar ruwa suka haɗu suka yi aikin. Wannan tafki ne da ya fi kowanne faɗi a Afirka, bai iya sa su sun saba ba. Wanda ya gaji da kifinsa ya mayar wa mai shago, ko ya ba wanda ke da wuri.

Ban ce a daina sa gilashin kifi a falon Alhaji ba. A sa. Amma wanda zai sa, ya fara zuwa ya zauna gaban guda na tsawon awa ɗaya, waya a aljihu. Zai ga wane ne mai gida, wane ne ke ɓuya bayan mataci, wace ce ta daina cin abinci saboda bakinta cike yake da ƙwai. Ya je bakin Galma ya gaida masu su, ya tambaye su suna da halin abin da ke cikin komarsu, ya rubuta yadda suka faɗa. Falon da namijin shuɗi ya mallake rabin gilashi, sauran suka cure a kusurwa, ya faɗa wa mai karatu wani abu game da mai gidan da shafi uku na bayanin kujeru ba zai faɗa ba.

Ni dai oskan na ba wani abokina mai babban gilashi da sola. Tarwaɗar ta tafi kududdufin wani maƙwabci, inda ta dace tun farko. Jajayen biyu na bar musu lita 54 ɗin su kaɗai, da dutse mai faɗi guda da fasasshen kasko. Sun zuba ƙwai a kan dutsen, sun ƙyanƙyashe, yanzu in na sa hannu zan gyara wani abu namijin yakan taso ya cije ni a yatsa. 'Yata ta koma ƙirga, sai dai 'ya'yan ba sa tsayawa wuri ɗaya, jiya ta ce arba'in, yau ta ce sittin da biyu.